Sunan gaskiya ko na aro a Facebook?

'Yar'uwa, kin tambaya ko ki sa sunanki na gaskiya a shafin da za ki riƙa tallan turaren wuta da humra, ko ki fake da wani suna. In dai kasuwanci ne, ki fito da sunanki. Mutanen Sakkwato ba sa tura kuɗi ga wanda ba su san asalinsa ba. Ƙanwata a Mabera da sunan aro ta fara, ta yi wata biyu ba ciniki. Mai saye ya ga sunan asusun banki daban, na shafi daban, sai ya ja da baya. Da ta daidaita su, har daga Gawon Nama ake aiko ɗan acaɓa karɓar kaya.

Hoton fuskarki da kwatancen gidanku kam, ki bar su, ba dole ba ne.

Kuma kada ki ɗauka sunan aro na ɓoye mutum. Tun 2020 gwamnati ta wajabta haɗa layin waya da NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, dokar laifukan intanet ta 2015 kuma tana hawa kan mai damfara ko da wane suna ya shigo. Shi kansa Facebook, in aka kai ƙarar sunan bogi, yakan kulle asusun har sai an nuna katin shaida.