Sunan Clapperton: daga ina yake, kuma ana yawan jin sa a Birtaniya?

Malam, ka tambaya ko sunan Baturen nan da ya je Sakkwato wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1824 sananne ne a ƙasarsu. Gaskiya ba kasafai ake jin sa ba. Sunan zuri'a ne na Sukotlan, kuma ya fi zama a kudancinta, wajen iyaka da Ingila har zuwa kewayen Edinburgh. Shi kansa Hugh Clapperton a garin Annan da ke kudancin Sukotlan aka haife shi a 1788, ya rasu kusa da Sakkwato a 1827. A tafiyarsa ma Abdullahi ake kiransa, wataƙila don sunan nasa na da wuyar faɗa.

In kana son ganin yadda sunan ya bazu, fara da ƙidayar jama'ar Birtaniya ta 1881, wadda masu bincike suka fi amfani da ita: an rubuta kowane gida, da suna, shekaru, sana'a da wurin haihuwa. Sai dai ka kula, Sukotlan ba ta fara rajistar haihuwa ta gwamnati ba sai 1855. Kafin nan littattafan coci za ka bi, inda magatakarda kan rubuta suna yadda kunnensa ya ji.