Bishiyar tunawa da mamaci: a kan kabari ko a gefensa?

Tambaya: Na dasa bishiya a kan kabarin mahaifinmu mako biyu bayan rasuwarsa. Da farko ta karkace, daga baya ta bushe. Me ya jawo haka, kuma yaya zan yi in sake dasawa?

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifinku, 'yar'uwa. Gaggawa ce ta kashe dashen. Ƙasar sabon kabari ba ta zauna ba, tana ci gaba da lotsawa wata shida zuwa shekara guda, duk ruwan da ya sauka sai ta ƙara nutsewa. Tana sauka tana jan saiwoyin, ƙananan su tsinke, dashen ya kwanta.

Shawararmu, ki bar saman kabarin. Ki nemi izinin masu kula da maƙabartar, ki dasa a gefe, tazarar mita 2 zuwa 3, kada saiwa ta kutsa kabarin wani nan gaba. Ki zaɓi irin da ya saba da ƙasar wurin, ki guji masu saurin girma da zuƙe ruwa kamar bishiyar turare.

Faɗin ramin ya ninka dunƙulen ƙasar da ke jikin dashen sau biyu, amma zurfinsa kada ya wuce na dunƙulen. Nan mutane suka fi kuskure: sai su binne wuyan dashen, inda kara ya haɗu da saiwa, wai don ya tsaya da kyau, alhali danshi ne zai ruɓar da ɓawon. Ki yage ledar da dashen ya zo a cikinta gaba ɗaya. A dasa da faɗuwar damina, in rani ya shigo a riƙa ba shi lita 15 zuwa 20 a mako, a zuba a hankali ya ratsa ƙasa, har shekara biyu. A shimfiɗa busasshen ganye kauri santimita 5 a kewaye, ba tare da ya taɓa karan ba, a kuma yi shinge, don akuya ɗaya ta isa ta gama da shi.

Tambaya: Mene ne binnewa mai kare muhalli da ake ta magana a kai?

Amsa: Binne gawa ne ba tare da sinadarin hana ruɓewa ba, ba akwatin ƙarfe, ba siminti, likkafanin auduga ko akwatin katako marar fenti kawai, jiki ya koma ƙasa da kansa. A Ingila an buɗe maƙabarta ta farko irin wannan a Carlisle a 1993, inda bishiyoyi suka maye gurbin duwatsun kabari. Abin lura shi ne ruwan sha: ƙa'idar da ake bi a can ita ce kabari ya yi nisan mita 250 daga rijiya ko burtsatse, mita 30 daga rafi, gindinsa kuma ya kasance aƙalla mita 1 sama da ruwan ƙarƙashin ƙasa.