Amsa: Me ya sa kumbo ba ya ƙonewa in zai dawo duniya?

Ɗan'uwa, ka ce ka ga bidiyon kumbo yana dawowa wuta ta lulluɓe shi, kana tambaya ya aka yi na ciki ba su gasu ba. Wutar kam ta gaske ce.

Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana sama da mu da kilomita kusan 400, tana gudun kilomita 28,000 a awa guda. Da irin wannan gudu kumbon da ya baro tashar ke afkowa cikin iska, sai ya matse ta a gabansa har ta yi jawur. In ka bi ta Tamunus nan Jos, taɓa famfon mai gyaran keke bayan ya ba taya iska, za ka ji ɗumi. Dalilin ɗaya ne.

Dabarar tana gindin kumbon: faffaɗa ne, shi ake juyawa gaba, an shafe shi da garkuwar da ke cinyewa sannu a hankali tana tafiya da zafin. In gudu ya ragu sai laima ta buɗe. Kumbon Soyuz na Rasha a filayen Kazakistan yake dira, kumbon Dragon na kamfanin SpaceX kuwa a teku. Wanda ya yi wata shida a tashar, ɗauko shi ake yi a zaunar a kujera, don ƙafa ta manta nauyi.