Ƙaramar mota mai ƙofa biyar za ta ishi iyali a Jidda?

Ɗan'uwa, ka ce kana da mata da yara uku, kuɗinka bai kai na babbar mota ba, kana tunanin irin su Yaris ko Swift masu buɗaɗɗen baya. Shawarata ka saya, amma ka san abin da ka saya.

A cikin gari ba ta da na biyu. Ba ta shan mai, fetur mai lamba 91 take sha, lita riyal 2.18, kuma duk lungun da ka samu a tsofaffin unguwanni irin su Balad ko Bab Makka za ka cusa ta. Kayan gyaranta suna da araha, makanikai kuwa sun san ta ciki da bai.

Matsalar tana baya. But ɗin ƙarami ne sosai. Ranar da muka je Madina, tafiyar kilomita sama da 400, keken jariri da akwati ɗaya suka cinye wurin, kular abinci a kan cinyar uwargida ta yi tafiyar. Idan ka kwantar da kujerun baya wuri zai samu, to amma ina yaran za su zauna? Ga rana tana dukan gilashin baya, na bayan su ne ke shan zafi. Hawan dutsen Hada zuwa Ɗa'if da mutum biyar da AC a kunne, sai ka ji injin yana nishi.

In ta hannu ce, kar ka biya sai ka gwada AC da tsakar rana, makanikinka ya duba giya, ka kuma ga takardar fahas (binciken lafiyar mota) da istimara (rajistar mota).