Tambaya da Amsa: Na Gaji da Maimaita Motsa Jiki Iri Ɗaya

Tambaya: Assalamu alaikum. Wata huɗu ke nan ina fita sassarfa kowace safiya a kan hanya guda, kuma da farko na ji daɗin jikina ƙwarai. Yanzu kuwa, da zarar na ɗaura igiyar takalmi sai in ji raina ba ya so, har na fara tsallake kwana biyu ko uku a mako. Shin lalaci ne ya kama ni, ko akwai abin da ya kamata in sauya? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ban ga alamar lalaci a wasiƙarka ba, domin malalaci ba ya jure tashin asuba har wata huɗu. Gundura ce ta same ka, kuma jikinka ma yana da nasa dalilin, domin idan aka daɗe ana ba shi aiki iri ɗaya, zuciya da tsoka suna sabawa har ci gaban ya ragu, alhali gwiwa da idon sawu suna ta ɗaukar nauyi a wuri guda kullum.

Shawarar da na fi so in ba ka tsohuwa ce. A shekarun 1930, wani mai horar da 'yan gudu a Suwidin, Gösta Holmér, ya fito da salon da ake kira fartlek, wato wasa da gudu. Kana cikin sassarfarka sai ka hango wata bishiya ko turken lantarki, ka ƙudurta cewa da gudu za ka isa wurin, idan ka isa ka sassauta har numfashinka ya daidaita, sannan ka zaɓi wata alamar. Ba a duba agogo, ba a ƙirga zagaye, kuma idan kuna biyu sai kowa ya riƙa zaɓar alama bi da bi. Hanyar da ta ishe ka jiya za ta koma filin wasa, kuma zuciyarka za ta sami aikin da ba ta saba da shi ba.

Ka kuma tuna cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci manya da minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, tare da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu, amma ba ta ce lallai sai sassarfa ba. Hawan keke, iyo, tsallen igiya, ƙwallo da abokai, har ma guje-guje da yaranka duk suna cikin lissafi, muddin numfashinka ya kai matakin da za ka iya magana amma ba za ka iya rera waƙa ba.

Sai dai ina roƙonka kada ka rushe komai lokaci guda. Ka riƙe sa'ar da ka saba fita, domin ita ce ginshiƙin al'adarka, ka kuma bar tsohuwar hanyarka sau ɗaya a mako ta zame maka ma'auni. Sabon motsi kuwa a fara shi kaɗan-kaɗan, minti biyu na tsallen igiya sun isa a ranar farko. Tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu ba abin damuwa ba ne, amma suka a cikin gaɓa alama ce ta a dakata. Idan kana da hawan jini ko ciwon zuciya, ka ga likita kafin ka soma gudu mai ƙarfi.