Idan tsabar kuɗi ta ɓace, wa zai riƙe linzamin dukiyarmu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina yawan jin cewa zamanin tsabar kuɗi ya kusa wucewa, kuɗin intanet na gwamnati ne zai maye gurbinta. Mene ne bambancinsa da tura kuɗi ta waya da muka saba, kuma da gaske ne hukuma za ta iya hana mutum taɓa abin da ya mallaka? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Kuɗin da kike turawa ta waya ajiya ce a bankin kasuwanci, wato bashi ne kike bin bankin. Shi kuwa wannan sabon kuɗi, babban bankin ƙasa ne ke fitar da shi da kansa kamar yadda yake buga takardar kuɗi, sai dai mazauninsa waya ce. Bahamas ta fara nata a 2020, Najeriya kuma ta ƙaddamar da eNaira a watan Oktoban 2021.

Fargabar da kika ji tana da tushe. Takardar kuɗi ba ta san hannun da ya miƙa ta ba, ba ta buƙatar wutar lantarki ko layin sadarwa, amma kuɗin da ke cikin na'ura yana barin sawu a kowane ciniki, kuma ana iya gindaya masa sharaɗi. A gwajin da aka yi a birnin Shenzhen na ƙasar Sin a 2020, an raba wa mutum 50,000 kuɗin intanet na ƙasar, yuwan 200 kowannensu, da sharaɗin a kashe su cikin mako guda a shagunan da aka zaɓa, in ba haka ba su koma wa gwamnati. Kyauta ce aka bayar, babu wanda aka cuta, amma gwajin ya nuna cewa ana iya sa wa kuɗi wa'adi.

Batun rufe asusu kuwa bai ma jira sabon kuɗin ba, domin a 2022 gwamnatin Kanada ta yi amfani da dokar ta-ɓaci ta sa bankuna suka daskarar da asusun wasu masu zanga-zanga ba tare da umarnin kotu ba. Wanda hakan ta same shi, tsabar da ke hannunsa ce kawai za ta ciyar da iyalinsa a ranar, shi ya sa ɓacewarta ta fi damuna fiye da zuwan sabon kuɗin.

Manyan bankunan ƙasashe, ciki har da na Tarayyar Turai, suna alkawarin kare sirrin jama'a da barin tsaba tana yawo. A ganina alkawari bai isa ba, tunda shugabanni suna sauyawa. Abin da ya kamata jama'a su nema wurin 'yan majalisa shi ne doka rubutacciya wadda za ta hana duba asusu ko rufe shi sai da izinin alƙali, ta kuma wajabta wa masu shaguna karɓar tsaba, kamar yadda ƙasar Norway ta ƙarfafa tata dokar karɓar tsaba a 2024.