Amsoshin Tambayoyinku: Sana'ar Gefe Bayan Albashi

Tambaya: Ni ma'aikacin kamfani ne, kuma bana an sallami abokan aikina da dama. Ina so in kama sana'ar ɗaukar hoto a ranakun hutu. In ci bashi in sayi sabuwar kyamara da fitilu, ko in dakata?

Amsa: Ɗan'uwa, fargabarka tana kan hanya, amma maganar bashin ka ajiye ta. Ranar da takardar sallama ta iso hannunka albashi zai tsaya, mai bin ka bashi kuwa ba ruwansa, ƙarshen wata zai zo karɓar nasa.

Fara da haya. Karɓi aiki uku ko huɗu da kyamarar haya, ka rubuta duk abin da ya fita: kuɗin hayar, kuɗin mota, data, da awannin da ka raba dare kana gyaran hotuna a kwamfuta. Wannan na ƙarshen shi ake yawan mantawa, alhali sau da yawa ya fi ɗaukar hoton cin lokaci. In ka cire komai ka ga ragowar ta taka kara ta karya, kuma waɗanda ka yi wa aiki suna turo maka wasu, to lokacin saye ya yi. Ko a nan ma ta hannu ta ishe ka. Yawancin kyamarori na riƙe lissafin adadin hotunan da aka ɗauka da su, sai ka sa mai sayarwa ya nuna maka, sannan ka haska gilashinta da tocila ka duba ko akwai karce ko fumfuna a ciki.

Sai dai ina da ja a kan sana'ar kanta. A 2020, da annobar korona ta sa aka rufe garuruwa, taruka sun tsaya cak a daidai lokacin da kamfanoni ke rage ma'aikata, mai ɗaukar hoton taro ya rasa nan ya rasa can. Don haka ka haɗa da aikin da ba ya jiran taro, kamar hoton kayan sayarwa ga masu talla a Facebook da Instagram. Kada kuma abokan cinikinka su zama mutanen ofishinku kawai. In aka sallame ku tare, aljihunsu da naka ɗaya ne. Ka kuma karanta takardar ɗaukarka aiki, don wasu kamfanoni sun hana aikin waje sai da izini.

Tambaya: Ni malamar makaranta ce. Ƙawata ta sa ni a wani zauren WhatsApp da ake zuba kuɗi ana samun ribar kashi 30 cikin 100 duk wata. Ita an biya ta sau biyu. In shiga?

Amsa: Malama, kada ki shiga. Yi lissafin a allo kamar yadda kike yi wa ɗalibanki: kashi 30 duk wata, in ana mayar da ribar cikin uwar kuɗi, ya ninka jari fiye da sau 23 a shekara guda. Mai irin wannan kasuwanci me zai yi da 'yan kuɗinki? Biyan da aka yi wa ƙawarki ba hujja ba ne, da shi ake jawo sababbi. A 1920, a birnin Boston na Amurka, Charles Ponzi ya yi alƙawarin ribar kashi 50 cikin kwana 45, kuma ya biya na farko-farko, amma da kuɗin waɗanda suka shigo daga baya. Kafin shekarar ta ƙare abin ya rushe. Ke kina da abin sayarwa na gaske: darasin yamma ga yara biyu ko uku, wanda ba ya neman jari sai lokacinki.

Tambaya: Sana'ata ta gefe ta fara kawo ɗan abin da ba a rasa ba, amma ban san inda yake shiga ba.

Amsa: Cefane ne ke haɗiye shi, saboda ka zuba shi wuri ɗaya da albashi. Buɗe masa asusu daban, kada ka riƙa yawo da katinsa. Tara har ya kai abin da zai riƙe gidanka wata uku zuwa shida ba tare da albashi ba, kafin ka fara tunanin faɗaɗa sana'ar.